Ranar da Na Yi wa Ɗan Farina Shaida

Ba zan faɗi sunan kulob ɗin ba. Na dangwala yatsa a takarda cewa ba zan faɗa ba, kuma ni mai cika alkawari ne, har da wanda bai kamata in ɗauka ba. Kulob ne dai na ƙwallon ƙafa a nan Riyad, ba ya cikin manya, ba ya cikin na ƙarshe. Shekara talatin da ɗaya ina kula musu da ciyawar fili. Sunana Bashari. Aji uku na yi a firamare a Gumel. Malamin ya mare ni, na rama, karatu ya ƙare.

Ina da ɗa, na fari. Sunansa Musbahu. Rubutawa na yi, ban faɗa ba. Tun ranar da aka raɗa masa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka na ga ubana ya yi da yayana, haka uwarsa Rabi take yi. In ina nemansa sai in ce "kai", ko in yi gyaran murya. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Wanda ya tashi a gida ya san wannan ba ƙiyayya ba ce. Shi kuwa a Riyad aka haife shi. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kamar rigar aro.

A filin nan ya girma. Ya buga wa ƙananan kulob ɗin, ya buga wa manyan shekara biyu, sai gwiwa ta ƙi. Bai zauna ba. Ya shiga kwasa-kwasai, ya dawo da takardun koci har huɗu. Uwarsa ta sa su a gilas, ta rataye a ɗakin da baƙi ba sa shiga. Daga nan kulob ya ce zai ɗauke shi mataimakin kocin 'yan ƙasa da sha bakwai.

Ranar ya zo gida da kwantiragin, shafi ashirin da wani abu. Ya buɗe ya nuna mini sharaɗi na sha tara. Ya ce ma'anarsa, in wani saɓani ya taso tsakaninsa da kulob, ba shi da ikon zuwa kotu. Za a kai maganar gaban kwamitin sulhu da hukumar gasar ke naɗawa, a rufe ƙofa, abin da suka yanke shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara, babu faɗa wa kowa. Ya ce yana so lauya ya duba kafin ya sa hannu.

Na ce masa wanda ya je neman aure yana tambayar yadda ake saki, ba aure ya je nema ba. Na ce sulhu alheri ne. Ni da kaina shekara ashirin ina zama a unguwar Dira bayan la'asar, a bayan shagon masu turare, ina sasanta Hausawa, direba da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, ban taɓa bukatar alƙali ba. Na ce ya sa hannu. Ya sa.

Shekara tara ya yi yana mataimaki. A gabansa aka kawo manyan kocina huɗu, aka sallame su ɗaya bayan ɗaya. Duk farare ne. Kowanne ya zo shi ke nuna masa yaran, wa ke da ƙafar hagu, wa ke tsoron sa kai, wa uwarsa ba ta da lafiya. Na gani da idona wani daga cikinsu yana leƙa abin da yaron ya zana a allo, ya fita fili ya faɗa da ihu kamar shi ya ƙago. Ban ce komai ba. Ciyawa aka ɗauke ni in duba.

Bara kujerar babban koci ta sake zama babu kowa. Ya nema. Suka ce ya zo ganawa ranar Laraba.

Ranar Lahadi, kwana uku kafin Larabar, aka miƙo mini allon suna na ƙarfe in kafa a wurin ajiye motar babban koci. Karatuna bai da yawa, amma na san yadda sunan yaron yake a rubuce, kuma wannan ba shi ba ne. Na kafa. Na sa ma'auni na daidaita shi sosai, don ni ba na aiki karkatacce.

Washegari ina durƙushe a bayan raga ina gyaran kan famfon ban-ruwa, sai ga mudir, wato daraktan da ke ɗaukar kocina, ya tako mini ciyawa da takalmi mai tauri yana waya. Shi ma ba ɗan ƙasa ba ne, iƙama gare shi kamar ni, wato takardar zaman baƙo, sai dai fatarsa ta fi tawa kasuwa. Mutumin da ke durƙushe a ciyawa ba a ganinsa. Na ji ya ce za su kira Musbahu ne don a cika takarda, a nuna an ji kowa. Ya ce baƙi gudu suka iya, ba tsara wasa ba, kuma iyayen yara da masu ɗaukar nauyi suna son ganin fuskar da ta dace a bakin layi. Ya yi dariya, ya wuce. Abin da ya fara ɓata mini rai a lokacin, in faɗi gaskiya, sawun takalmin ne.

Ban gaya wa yaron ba. In na gaya masa ai na nuna abin ya dame ni. Ranar Laraba ya sa kwat, ya ɗauki jakar takardunsa, ya shiga. Minti sha biyu ya fito. Sai da aka yi mako na gaya wa Rabi, ita kuwa a ranar ta gaya masa. Ko dai kunyarta ba ta kai tawa ba, ko hankalinta ya fi nawa.

Ya sami lauya, Ustaz Kamil, ɗan ƙasa ne, amma kakanninsa da ƙafa suka zo aikin Hajji daga Katsina suka zauna. Hausar da ta rage masa ta gaisuwa ce da sunayen abinci. Ya fara kai ƙara kotu, aka dawo masa da ita saboda sharaɗi na sha tara. Ya ce da a buɗe za a yi, da ya nemo takardun kulob na shekara goma, a ga su wa aka ɗauka, su wa aka kira don cika takarda, kuma da wasu sun ji sun fito sun faɗi nasu. A rufe kuwa, kowa shi kaɗai ne da maganarsa. Ya tambayi yaron wa ya ba shi shawarar sa hannu a kan abu irin wannan. Yaron ya dubi taga. Ni na kurɓi shayina.

Kamil ya ce shari'ar gaba ɗaya a wuyana take, don ni kaɗai na ji, ni kaɗai na kafa allon. Ya ce abu biyu ake so a tabbatar. Na farko, sun gama yanke shawara tun kafin ganawa, kuma saboda launin fata. Na biyu, mai ƙarar ya cancanci kujerar. In ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi, kuma yaron ba zai ƙara samun aikin koci a garin nan ba, don kulob-kulob suna magana da juna ko da an rufe ƙofa.

Sau uku ya kira ni ofishinsa wai mu gwada. A kan abu na farkon ban sha wuya ba. Da ya zo kan na biyun, ya tambaye ni ko ɗana ya iya aikinsa, ga yaron nan zaune, sai na ce masa ranar zai ji. Raina ya sosu. Sa'an ɗana ne zai koya mini magana, ni da ake taso mutane daga wata unguwa don in yi musu magana?

A gida Rabi ta ajiye mini tuwo ta ƙi tashi.

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce mata ita ba ta taɓa tsayawa gaban hukuma ba.

"Shekara arba'in ina tsaye a gabanka," in ji ta. "Wace hukuma ce ta rage?"

Sai maganar tafinta. Ina jin Larabci, amma Larabcina na leburori ne: kawo, ɗauke, halas, sai gobe. Kamil ya fi son in yi da shi haka nan, wai ya fi shiga zuciya. Na ƙi. Ba zan sa babbar riga in je ina in-ina a gaban manya ba. Na zaɓi Sharif Jibrin, dattijo mai furfura da ke karatun digiri na uku, wanda kan ja mu salla a Dira. Larabcinsa na littafi ne, kuma mutum ne mai tsoron Allah, ba ya ƙara harafi, ba ya ragewa. Don haka na zaɓe shi. Ku riƙe wannan, ni na zaɓe shi.

Ranar zaman na sa shaddata mai ruwan toka da hular da ban taɓa sawa ba sai Idi. Wurin hawa na sha huɗu ne a wani dogon ginin gilas a arewacin gari. Babu abin da ya yi kama da kotu. Dogon tebur ne, sanyin na'ura kamar a ɗakin ajiye nama, ga gahawa, ga dabino. A bakin ƙofa aka karɓe wayoyinmu aka zuba a kwando. Mutum uku ne kwamitin. Biyu hukumar gasar ta naɗa, na ukun Kamil ya zaɓa daga jerin sunayen da hukumar ta rubuta. Na zaci zan tarar da dattawa. Babbansu na ba shi shekara ashirin.

Aka rantsar da ni. Na faɗi maganar allo, da ranar, da wanda ya miƙo mini. Na faɗi maganar waya yadda na ji ta, ban tsallake dariyar ba. Sharif Jibrin yana juyawa, Larabcin yana fita kamar huɗuba. Mudir yana can gefe yana duban agogonsa. Na ga ɗaya daga cikin ukun ya ajiye alƙalami ya dube shi. Kamil ya ɗan gyaɗa mini kai. Na gyara zaman rigata.

Sai lauyan kulob ya miƙe. Na shirya wa faɗa, sai ga mutum mai ladabi. Da hannunsa ya zuba mini gahawa. Ya kira ni "ya ammi", wato baffa. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi mutanen Najeriya. Ya ce shi ya zaga filayen Riyad, bai ga ciyawa irin tawa ba. Wannan gaskiya ne, kuma na ji daɗi da aka sami wanda ya lura. Ya ce mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a bakin fili ya fi masu takarda sanin koci. Wannan ma gaskiya ne.

"To, ya ammi, a ganinka, ɗanka ya kai ya riƙe ƙungiya shi kaɗai?"

Na dubi ɗakin. Ga baƙi shida. Ga Sharif Jibrin, wanda gobe zai zauna a Dira. Ga yaron a gefena, ina jin numfashinsa. Ni Bashari in buɗe baki in ce ɗana gwani ne, kamar maroƙi?

"Yaro ne," na ce. "Me ya sani? Ana dai lallaɓawa."

Ban tsaya nan ba. Na ga tunda zaman sulhu ne, bari in buɗe shi yadda ake buɗewa. A Dira in an zo sasanci, babba yakan fara da kwantar da nasa. Ka ce naka ne da laifi, ɗaya ɓangaren ya ji kunya ya ce a'a, yaron kirki ne, mu ne muka yi gaggawa. Kowa ya sauko, a haɗu a tsakiya, a yi fatiha. Ban taɓa ganin ta ƙi ci ba. Sai na juya wajen mudir.

"In ya yi muku rashin kunya a wurin aiki, ku yi haƙuri. Taurin kai gare shi tun yana ƙarami. Ni na san halinsa."

Sharif Jibrin bai juya nan take ba. Ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Malam Bashari, in juya haka?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, Allah ya saka masa. Ni kuwa na ji kamar yana tuhumata a gaban mutane.

"Ka taɓa jin na yi magana biyu?"

Ya juya. Bai rage harafi ba. A Larabcinsa maganar ta fi ma nauyi. Na zauna ina jiran mudir ya faɗi nasa rabon, ya ce a'a, yaron kirki ne. Mudir ya jawo takarda ya rubuta wani abu. Lauyansa ya yi mini godiya, ya ce ba shi da sauran tambaya, ya ƙara mini gahawa.

Kamil ya miƙe fuskarsa ta canja. Ya yi ta bayani cewa al'ada ce ta mutanen kakanninsa, uba ba ya yabon ɗan fari, ko sunansa ba ya kira. Ya ce kakarsa har ta rasu ba ta kira sunan babansa ba. Shugaban kwamitin ya saurara, sannan ya dube ni ya ce an rantsar da ni. Yana so ya sani, abin da na faɗa yanzu gaskiya ce ko al'ada? In al'ada ce, to cikin abin da na faɗa ɗazu wanne ne kuma al'ada?

Na ga ramin. In na ce al'ada ce, na zama wanda ya rantse ya faɗi abin da ba haka ba, kuma maganar allo da ta waya su bi ruwa. Na ce ni ban taɓa ƙarya ba tun da aka haife ni. Aka rubuta.

Kamil ya roƙi tambaya ɗaya tak. Ya matso, ya bar Larabci, ya tattaro 'yar Hausarsa.

"Baba. Koci huɗu ka gani, ɗanka na biyar. Wane ya fi? Faɗa. Don Allah."

Na san amsar. Ko makaho a filin nan ya san ta. Yaron ya sunkuyar da kai, ina ganin ƙeyarsa, har furfura ta fara fito masa ban sani ba. Kalma ɗaya ce, ko yatsa in nuna. Na buɗe baki. Sai na ji kamar an ce in tuɓe wando a kasuwa.

"Allah ne masani," na ce.

Wannan ko Sharif Jibrin bai sha wuyar juyawa ba.

Muka koma gida. Rabi ta dubi fuskar ɗanta, ta dubi tawa, ta koma kicin. Kwana uku tana zuba mini abinci ba ta zauna ba. A Dira kuwa babu wanda ya ji komai, don Sharif ma ya sa hannu a takardar rufe baki. Har yau ana kawo mini sasanci. Ina yi.

Bayan mako shida hukunci ya fito. Kafin nan kwantiragin yaron ya ƙare, ba su sabunta ba. Ya sami aiki a ofishin wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, yana tsara fitar motoci, masu siton suka zama kafil ɗinsa. Ni ba su kore ni ba. Don me za su kore ni? Na yi musu aikin da lauyansu bai iya ba.

Ran nan da safe ya ɗauke ni zai sauke ni a fili ya wuce. Wayarsa ta yi ƙara muna tsaye a danja. Ya duba, ya ajiye, ya ce an yanke. Sun kori ƙarar. Maganar waya, bakin mutum ɗaya ne a kan bakin mutum ɗaya. Allo kuwa, wai shiri ne kawai aka yi tun da wuri.

Na ce ya tsaya a gefe ya karanta mini inda aka ambace ni. Ya ce babu amfani. Na ce ya karanta. Ya karanta da Larabci, sannan ya juya mini da Hausarsa. Wai kwamiti ya ba da nauyi na musamman ga shaidar mahaifin mai ƙara, dattijo mai gaskiya da dogon sani a harkar, wanda ya tabbatar a ƙarƙashin rantsuwa cewa mai ƙara bai ƙware ba, kuma yana da taurin kai.

Dattijo mai gaskiya da dogon sani. Tun da nake ba a taɓa yabona a takardar hukuma ba sai ranar.

Ya tayar da mota. Mun yi nisa kafin ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Baba, yanzu babu kowa. Ni da kai. Haka kake gani?"

Na ce ya kula da babbar motar da ke gabansa. Ya kula. Muka wuce gada, muka wuce gidan mai. Na ga katangar fili ta fara bayyana, na san in ban yi yanzu ba shi ke nan. Na yi gyaran murya.

"Wancan da suka ɗauka," na ce, "bai iya ba. Ko kusa."

Ya rage gudu. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin ta uwarsa.

"Da ko wannan ka faɗa musu."

"Ba su tambaye ni ba."

"Sau uku, Baba."

Ya tsaya a bakin ƙofar ma'aikata. Shi yanzu ba ya shiga, an karɓe katinsa. Na sauka, na ce ya gaida mutanen sito. Ya ce za su ji. Ya tambaya ko ya biyo ya ɗauke ni da yamma, na ce ina da ƙafa, kuma akwai jirgin ƙasa. Ya ce zai biyo duk da haka. Ya ja mota, ni kuma na shiga, don sabon kocin yana son a jiƙa fili kafin ƙarfe tara.